Daga hunturun Kano zuwa gaɓar Zanzibar: abin da waya ke buƙata kafin a zuge jaka

Da asubar watan Janairu a Kano, lokacin da mai shayi ke hura wuta yana karkarwa, 'yan adaidaita sun naɗe fuska sai ido, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13 ko 14. A daidai wannan lokaci ƙarfe takwas ta yi a Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, rana ta fara cizo, kuma kafin azahar zafin zai kai digiri 31 zuwa 33. Tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka watannin da ake rawar ɗari a Kano da Zariya da Damagaram su ne watannin zafi a can. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu otal-otal ɗin Nungwi da Kendwa da Paje ke cika da Turawan da suka gudo daga ƙanƙarar ƙasashensu. A 'yan shekarun nan kuma matasan Najeriya, musamman sababbin ango da amarya, sun shiga sahu, kamar yadda hotunan Instagram da TikTok ke nunawa.

Mutum yakan haɗa jaka ne da abin da jikinsa ke ji a ranar. Wanda ke shiri cikin hazo da sanyi zai cusa suwaita biyu da safa da hular sanyi, ya isa can ya tarar ba su da amfani. Wannan kuskure mai sauƙi ne, domin riga mara nauyi ana samun ta a kasuwar Darajani da ke Stone Town da ɗan kuɗi kaɗan. Kuskuren da ke ɓata tafiya gaba ɗaya yana wajen waya. Tikitin jirgi, biza, inshora, adireshin masauki, manhajar banki, taswira da kyamara duk a cikinta suke. Idan ta mutu a rana ta biyu, matafiyi ya zama baƙon da ba ya iya biyan kuɗin abinci, bai kuma san hanyar komawa masauki ba.

Babban fawa-bank ba ya hawa jirgi

Rashin wutar lantarki ya koya wa matasa sayen fawa-bank mafi girma da aljihu zai iya. A gida wannan dabara ce mai kyau. A filin jirgi kuwa ita ce abu na farko da ke jawo asara, domin kamfanonin jiragen sama ba sa kallon mAh da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Abin da suke kallo shi ne Wh. Lissafin ba wuya: a ninka adadin mAh da 3.7, a raba da 1,000. Fawa-bank mai 10,000mAh ya zama 37Wh, mai 20,000mAh ya zama 74Wh, mai 27,000mAh ya tsaya daf da 100Wh.

Ƙa'idar da akasarin jirage ke bi ita ce, abin da bai wuce 100Wh ba ana shiga da shi a jakar hannu ba tare da neman izini ba. Daga 100Wh zuwa 160Wh sai kamfanin jirgin ya amince, kuma ba a wuce guda biyu. Abin da ya haura 160Wh ba ya hawa jirgin fasinja ko kaɗan. Wato mai 30,000mAh, wanda ya kai 111Wh, ya riga ya shiga rukunin neman izini, shi kuwa mai 50,000mAh da ake alfahari da shi a unguwa ya kai 185Wh, makomarsa teburin jami'in bincike. Haka nan fawa-bank ɗin da rubutun jikinsa ya goge saboda tsufa, jami'i na da damar hana shi wucewa tunda ba a san ƙarfinsa ba.

Komai ƙanƙantarsa, ba a sa shi cikin babbar jakar da ake auna wa a tura cikin jirgi. Batirin litiyom idan ya samu matsala yana zafafa kansa har ya kama wuta. A inda fasinjoji ke zaune ma'aikata za su ga hayaƙin su kashe, a ɗakin kaya kuwa babu mai gani. Ranar 28 ga Janairun 2025 wani jirgin kamfanin Air Busan ya kama wuta a filin jirgin Gimhae da ke Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da duk mutum 176 da ke ciki da ransu, jirgin ya ƙone, masu bincike kuma suka karkata ga wani fawa-bank da ke cikin ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Tun daga nan kamfanoni da dama suka tsaurara doka. Emirates, alal misali, daga 1 ga Oktoban 2025 ya hana amfani da fawa-bank a cikin jirgi, ya kuma taƙaita wa kowane fasinja guda ɗaya wanda bai kai 100Wh ba. Don haka kafin ranar tafiya a leƙa shafin kamfanin da za a bi, domin dokar wani ba ta wani ba ce.

Ga tafiyar mako guda, mai 20,000mAh mai saurin caji ya wadatar. Kuma yana da amfani a can, domin wutar Zanzibar ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin Tanzaniya. Daga Disambar 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku cikin duhu sakamakon lalacewar wannan hanya. An inganta abubuwa tun bayan nan, manyan otal-otal kuma suna da janareta, amma ƙananan masaukai a ƙauyukan gaɓa har yanzu suna ganin ɗaukewar wuta.

Soket ɗin Tanzaniya mai baki uku ne irin na Najeriya da Ghana, wutar kuma 230V ce, saboda haka caja daga Kano ko Kumasi za ta shiga ba gardama. Wanda ya taso daga Nijar ko Chadi ko Kamaru, inda ake amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, shi ne zai nemi adafta. Maimakon kan caja uku, gara guda ɗaya mai ramuka biyu ko uku mai ƙarfin 65W, wanda zai ɗauki waya da abin kunne da fawa-bank a lokaci guda. Kebul kuwa a tafi da biyu. Shi ne abin da ya fi saurin lalacewa, shi ne kuma aka fi mantawa a jikin bango.

Zafi, gishiri da laima

Abokan gabar waya a lokacin hunturu su ne ƙura da bushewar iska. A tsibiri lamarin ya juye. Danshin iska a Kano cikin Janairu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Zanzibar kuwa yakan haura kashi 70.

A fara da zafi. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone an yi ta ne don aiki a tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Iskar gaɓar teku tana ƙasa da wannan iyaka da kaɗan, amma baƙar waya da aka ajiye kan tawul a rana tana wuce ta cikin 'yan mintuna. Idan aka haɗa da hasken sikirin da aka ƙure saboda rana, da ɗaukar bidiyo, da caji daga fawa-bank, sai waya ta rage haske da kanta, ta daina caji, wani lokaci ta rufe kyamara. Abin da ya fi wannan muni shi ne zafi yana tsufar da batir, kuma ƙarfin da ya ragu ba ya dawowa. Maganin shi ne inuwa: a cire rigar waya, a ajiye ta cikin jaka mai farin launi, a bar caji sai an koma ɗaki. Kada a sa ta a firji don ta huce, domin sanyin gaggawa yana tara raɓa a cikinta.

Wannan raɓar ce ma ke ba masu ɗaukar hoto haushi da safe. Waya ko kyamara ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ana fitowa waje sai gilashin ya yi hazo. A bar ta minti goma ko sha biyar cikin jaka a baranda kafin a fara ɗauka. 'Yan ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, waɗanda kowa ke zubarwa, a nan suke da rana. A jefa uku ko huɗu cikin jakar na'urori.

Sai ruwan teku, kuma a nan ne talla ta fi yaudarar mutane. IP67 na nufin an gwada waya a zurfin mita ɗaya na minti talatin. IP68 ya fi haka, gwargwadon abin da kamfanin ya ayyana. Duka gwaje-gwajen a ruwan daɗi ake yin su, cikin ɗakin gwaji, da sabuwar waya. Ruwan teku akwai gishiri, gishiri kuma yana cin ƙarfen ramin caji, idan ya bushe ya toshe lasifika da makirfo. Wayar da ta taɓa faɗuwa, ko aka taɓa canza mata sikirin a kasuwar Farm Centre, gam ɗin da ke hana ruwa shiga ba ya nan yadda yake. Da yawa daga wayoyi masu sauƙin kuɗi ma IP53 ko IP54 gare su, wanda bai wuce kariya daga yayyafi ba. Garantin kamfani kuma bai shafi lalacewar da ruwa ya jawo ba, ko da wayar IP68 ce.

Abin da ke aiki shi ne jakar roba mai hana ruwa shiga, mai igiyar rataya a wuya. Kafin a amince mata a gwada ta a gida: a sa tishu a ciki, a rufe, a danna ta cikin bokitin ruwa na rabin awa. Idan tishun ya fito a bushe, ta ci jarrabawa. A ƙarƙashin ruwa sikirin ba ya jin taɓawa sosai, don haka a saba da ɗaukar hoto da maɓallin ƙara sauti. Ba mai iyo kaɗai ke buƙatarta ba. Kwale-kwalen da ke kai mutane tsibirin Changuu wajen manyan kunkuru, ko tudun yashin Nakupenda, ko kewayen Mnemba, galibi sai an taka ruwa zuwa gwiwa ko ƙugu kafin a hau, a kan hanya kuma igiyar ruwa na fantsamo wa kowa.

Idan ƙaddara ta faɗa waya ta sha ruwan gishiri, a kashe ta nan take. Mai IP67 ko IP68 a ɗauraye ta a hankali da ruwan sha don gishirin ya fita, a goge, a karkata ramin caji ƙasa a ɗan bubbuga, a ajiye ta inda iska ke wucewa. Kada a jona caji sai ramin ya bushe sarai, wanda zai iya ɗaukar yini guda. Tsohuwar dabarar binne waya cikin shinkafa kuwa, Apple da kansa ya ce a daina, domin ɓurɓushin shinkafar na shiga ramukan.

A gaɓar gabas, wajen Paje da Jambiani, teku yana janyewa ɗaruruwan mitoci idan ruwa ya sauka, ya bar fili fetal da mata ke noman ciyawar ruwa. Baƙo ya ajiye jaka a busasshen yashi ya tafi ɗaukar hoto, ya dawo ya tarar ruwa ya iso. Manhajar da ke nuna lokutan hawa da saukar teku kyauta ce, tana kuma gaya wa mutum lokacin da zai samu ruwan iyo ma.

Rabin shirin a cikin waya yake

Akwai kayan da ba su da nauyi ko gram ɗaya, amma sai da intanet ɗin gida ake loda su. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje sayen inshorar tafiya daga kamfanin gwamnatinta, Zanzibar Insurance Corporation. An fara da dala 44 ga mutum ɗaya, ana saye ta intanet, kuma ko mutum na da wata inshorar daban sai ya yi wannan. Bizar Tanzaniya ma ta intanet ake nema, mai fasfon Najeriya kuma ya nema da makonni a gaba, kada ya dogara da samu a filin jirgi. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, takardarsa ta asali ake nunawa. Duk waɗannan a ɗauki hotonsu a waya, a tura kwafi zuwa imel, a kuma buga su a takarda. Jami'in shige da fice ba zai jira sabis ya dawo ba.

A Google Maps a sauke taswirar Unguja gaba ɗaya don ta yi aiki ba data. Lungunan Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, sun fi na cikin Badala ruɗarwa, kuma dogayen gine-ginen kan sa ɗigon GPS ya yi ta tsalle. A Google Translate a sauke harshen Swahili. A kwashe tsofaffin bidiyoyin WhatsApp don samar da wuri, domin minti ɗaya na bidiyon 4K a iPhone yana cin MB 170 zuwa 400, gwargwadon saitin da aka zaɓa. A saita ajiyar hotuna ta Google Photos ko iCloud ta riƙa aiki a kan Wi-Fi kawai, kowane dare a bar ta ta kwashe na ranar. Idan wayar ta nutse a rana ta biyar, hotunan kwana huɗu sun tsira.

Maganar layi ta fi kowace ruɗa sababbin matafiya. Banki yana tura lambar OTP ne zuwa layin gida. Wanda ya cire sim ɗinsa ya bari a Kano, ko bai tabbatar layin zai yi aiki a waje ba, zai tsaya gaban mai otal yana jiran saƙon da ba zai zo ba. A bar sim ɗin gida cikin waya, a tambayi kamfanin layin ko yana aiki a Tanzaniya, amma a kashe masa data, in ba haka ba kuɗin da ke kai zai ƙare kafin a fita daga filin jirgin Abeid Amani Karume. Data kuma a samo ta daga layin can: akwai Vodacom, Airtel, Halotel da Yas, sunan da Tigo da Zantel suka koma a ƙarshen 2024. Ana rajista da fasfo. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lamba, in ya tambaya ko a canza zuwa sabuwa sai a ƙi.

Masu sha'awar eSIM su fara danna *#06#. Idan lambar EID ta fito, wayar na ɗauka. Idan IMEI kaɗai aka gani, kamar yadda yake a yawancin ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix, kada a ɓata kuɗi wajen saye. Katin banki ma a gwada shi da wata ƙaramar sayayya ta waje tun ana gida, a kuma riƙe tsabar kuɗi. Masu canji a can, kamar na Wapa, ba sa son tsohuwar dala mai ƙaramin kai ko wadda ta yage. Sayayyar yau da kullum da shilin ɗin Tanzaniya ake yi.

Abu biyu kan ba Bahaushe mamaki. Na farko alƙibla. An saba da fuskantar gabas har kalmar ta zama sunan alƙiblar kanta, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa ake kallo. A sabunta wurin da ake a manhajar lokutan salla, kada ta yi kiran asuba da agogon Kano, wanda ke baya da awa biyu. Masallatai ba sa wuyar samu, mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. Na biyu lissafin lokaci. Masu jin Swahili suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya a wurinsu. Direba ya ce zai zo da "saa nne", wato sa'a ta huɗu, yana nufin ƙarfe goma. A sa shi ya rubuta lokacin da lambobi a WhatsApp, a kuma tambaye shi ko da agogon waya yake nufi.

Sauran jakar

Tufafi ba sa buƙatar dogon bayani: auduga mara nauyi, mai faɗi, mai haske. Jallabiya da yadi mai laushi sun fi shadda mai sitaci. A cikin gari da ƙauyuka ana son a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda ba sabon abu ba ne ga mai karatun nan. Takalmin roba mai rufe tafin ƙafa yana kare mutum daga ƙayar halittun ruwa da kaifin duwatsu idan teku ya janye. Man kariya daga rana ba na Turawa kaɗai ba ne, baƙar fata ma tana ƙonewa a wuya da kafaɗa. Maganin sauro na shafawa shi ma ya shiga. Duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 babbar jaka zai tafi.

Baƙar leda, wadda ake naɗe takalmi da caja da turare a cikinta ba tare da tunani ba, a bar ta a gida. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya daga 1 ga Yunin 2019, haramcin kuma ya shafi matafiya. An yi sassauci ga ƙananan ledoji masu zif na kayan wanka, waɗanda mutum zai koma da abinsa.

Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama ta Tanzaniya, wanda bai samu ba kuwa zai iya rabuwa da shi tun a filin jirgi. Laftof, in ba aiki za a yi ba, nauyi ne kawai da fargabar sata. Abin da ya cancanci gurbi shi ne ɗan madannin gano kaya irin AirTag ko SmartTag a cikin babbar jaka, tunda galibin hanyoyin zuwa Zanzibar daga Najeriya sai an sauya jirgi, a wajen sauyin ne kuma jaka kan yi ɓatan kai.

Suwaita ɗaya dai ta zauna a jakar hannu. Mai bin Ethiopian Airlines daga Kano zai yada zango a Addis Ababa, birnin da ke kan tudu sama da mita 2,300, inda daren Disamba da Janairu ke da sanyin da ya kai na Jos ko ya fi. Ita ce kuma za a nema ranar dawowa, idan aka sauka Kano aka tarar hazo bai tafi ba, tare da man leɓe da aka manta da shi tsawon mako guda.